A Ranar Matsala Ake Gane Ƙasar da Ta Shirya Karɓar Aikin Ƙetare

Idan wani kamfanin inshora a Landan ko wani banki a Amurka ya zauna lissafin kai wani sashe na aikinsa ƙasa mai tasowa, albashi ne ke fara jan hankalinsa. Kuɗin da yake biyan ma'aikaci ɗaya a gida zai ɗauki mutane da dama a can. Sai dai arhar albashi ba ta taɓa wadatarwa ba. Da ita kaɗai ake dubawa, da ƙasashen da suka fi kowa talauci ne suka cika da cibiyoyin amsa kira da masana'antun haɗa wayoyi. Abin da muke gani daban ne: aikin ya taru a ƙasashe ƙalilan, irin su Indiya, Filifin, Biyetnam, Maleshiya, Meziko, Masar, Maroko da Afirka ta Kudu, a cikinsu ma a birane ƙalilan. Abin da ya raba su da sauran shi ne shirinsu na fasaha, kuma auna wannan shiri ya fi wuya fiye da yadda masu neman jari da masu kawo shi suke so su yarda.

Aikin yakan tafi ta hanya biyu. Ko dai kamfani ya ba wani kamfani na daban a wata ƙasa kwangilar amsa kiran abokan cinikinsa, ko rubuta masa manhaja, ko haɗa masa lissafi, ko kuma ya tattara nasa ya nasa ya kafa ofis ko masana'anta a can. A hanya ta farko bayanai ne ke tafiya, kuma idan abin bai yi ba ana iya janyewa cikin watanni. A ta biyu injuna da mutane da maƙudan kuɗi ne ke tafiya, wanda ya zuba tushen gini kuwa ba ya tashi cikin sauƙi.

Duk mai wannan bincike yakan fara da jadawalan da ake fitarwa na jera ƙasashe. Akwai ma'aunin shirin sadarwa da Dandalin Tattalin Arzikin Duniya ya fara fitarwa a farkon shekarun 2000, wanda cibiyar Portulans ta karɓa daga 2019. Akwai na Hukumar Sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU. Akwai kuma na kamfanin Kearney, wanda tun 2004 yake jera ƙasashe bisa arhar gudanar da aiki, da yawan ƙwararru, da yanayin kasuwanci, daga baya ya ƙara da ƙarfin fasahar zamani. Ba na raina su. Suna taimakawa wajen rage ƙasashe hamsin su koma biyar. Amma daga nan amfaninsu ya ƙare, saboda matsakaicin lissafin ƙasa baki ɗaya suke bayarwa, alhali ba wanda ke kafa ofis a ƙasa baki ɗaya. A gini ɗaya ake kafa shi, a kan titi ɗaya, a jikin taransifoma ɗaya. Ga kuma wata matsalar: da zarar gwamnatoci sun gane cewa matsayi a jadawali na jawo jari, sai su koma gyaran abin da ake ƙirgawa, su bar abin da ke damun mai aiki. Bankin Duniya da kansa ya soke rahotonsa na sauƙin kasuwanci a watan Satumban 2021, bayan bincike ya nuna an taɓa alƙaluman wasu ƙasashe a rahotannin 2018 da 2020.

Tarihin Indiya ya isa ya sa mutum ya yi hattara da matsakaicin lissafi. A 1985, lokacin da kamfanin Texas Instruments ya buɗe cibiyarsa a Bangalor, ɗan Indiya kan yi shekaru yana jiran a ja masa layin tarho zuwa gida. Da akwai jadawalin shirin fasaha a lokacin, da Indiya tana can ƙasa. Kamfanin bai jira a gyara ƙasar ba, ya zo da nasa faifan tauraron ɗan'adam ya haɗa injiniyoyinsa da Amurka kai tsaye. A 1991 gwamnati ta kafa hukumar wuraren haɗa manhaja, STPI, wadda ta yi wa ƙananan kamfanoni irin wannan hidimar: layin aika bayanai waje, sassaucin haraji, da ofis guda da ke gama musu takardu. Da ƙarshen shekarun 1990 ya zo, duniya ta shiga fargabar cewa tsofaffin kwamfutoci za su rikice da shigowar shekarar 2000, aka rasa isassun masu gyaran tsohuwar manhaja, sai ga Indiya da dubban injiniyoyi masu Turanci da layin da zai kai aikinsu. Ƙasar ba ta shirya ba, amma wasu 'yan unguwanni a cikinta sun shirya, kuma su aka buƙata.

Kenya ta nuna ɗaya fuskar. A shirinta na ci gaba zuwa 2030 ta sanya karɓar aikin ƙetare cikin ginshiƙan tattalin arziki, kuma mutane da yawa sun ɗauka tsadar intanet ta tauraron ɗan'adam ce kaɗai ta tare hanya. A 2009 wayoyin ƙarƙashin teku na TEAMS da SEACOM suka sauka a Mombasa, intanet ta yi sauri, ta yi sauƙi, ta kuma canza rayuwar ƙasar ta fuskoki da dama. Manyan kwangilolin amsa kira da aka yi ta jira daga Turai da Amurka kuwa ba su kwararo yadda aka zata ba. Kamfanonin ƙasar ƙanana ne, ba su da manajojin da suka taɓa riƙe aikin mutum dubu, ba su da wanda zai tsaya musu a gaban abokin ciniki a Landan. Wanda zai damƙa maka bayanan abokan cinikinsa yana so ya ji wa ya taɓa damƙa maka irinsu, kuma yaya kuka rabu.

Don haka a ganina tambayoyi biyu ne ya kamata su ja ragamar binciken, sauran duk rassa ne. Ta farko: shiri don wane aiki? Ta biyu, wadda ta fi nauyi: me ke faruwa ranar da abu ya lalace?

Ta farkon ba ta da wuyar fahimta. Mai rubuta manhaja zai iya jure ɗaukewar intanet ta awa ɗaya, ya ci gaba da aiki a kan kwamfutarsa ya tura daga baya. Mai amsa kira ba zai jure daƙiƙa goma ba, domin kiran ya yanke, abokin ciniki ya fusata. Murya ma tana da nata sharaɗin. Shawarar ITU ita ce jinkirin da ke tsakanin furta magana da jin ta kada ya wuce kashi 150 cikin 1,000 na daƙiƙa, in ana so hira ta tafi daidai. Tauraron ɗan'adam irin na da yana nisan kusan kilomita 36,000 daga ƙasa, hawa da saukar saƙo kaɗai na cin kusan rubu'in daƙiƙa, shi ya sa masu magana ta cikinsa suke ta katse juna. Mai haɗa kayan lantarki kuma damuwarsa ta wuce ɗaukewar wuta. Rawar da wutar za ta yi na ƙasa da daƙiƙa ɗaya na iya tsayar da injuna, ta lalata kayan da ke kan layi. Ƙasa ɗaya na iya dacewa da aikin farko, ta dace da na biyu bisa sharaɗi, ta kasa na uku.

Tambaya ta biyu ce gizo ke saƙa a kanta. Kwangilolin wannan harka cike suke da alƙawarin cewa aiki ba zai tsaya ba, kuma da lamba ake rubuta alƙawarin. Shekara tana da awa 8,760. Wanda ya ce layinsa na aiki kashi 99 cikin 100, yana nufin zai iya mutuwa na kusan awa 88 a shekara, wato fiye da kwana uku da rabi. Kashi 99.9 ya rage shi zuwa ƙasa da awa 9. Kashi 99.99 bai kai awa ɗaya ba. A takarda tazarar ba ta da yawa, amma kowace lamba 9 da aka ƙara tana nufin layi na biyu, janareta na biyu, injiniyan da ke kwana a wurin, da kayan gyara a ajiye. Idan aka gaza, tara ake ci, in abin ya maimaitu a soke kwangila. Saurin intanet da ake tallatawa na ranar da komai ke lafiya ne. Mai kawo aiki yana biya ne don ranar da ba lafiya.

Ranakun rashin lafiyar kuwa suna zuwa. A ƙarshen Janairun 2008 manyan wayoyi biyu na ƙarƙashin teku suka tsinke kusa da Iskandariya, Masar da Indiya suka rasa kaso mai yawa na intanet ɗinsu ta waje. Kamfanonin Indiya da suke da hanya ta gabas, ta tekun Fasifik, suka karkatar da aikinsu, waɗanda suka dogara da hanya ɗaya suka zauna jira. A Disambar 2006 girgizar ƙasa a kudancin Taiwan ta yanke wayoyi da dama lokaci guda. A 2024 abin ya zo a jere: Bahar Maliya a Fabrairu, gaɓar Afirka ta Yamma ranar 14 ga Maris inda wayoyi huɗu suka samu matsala tare, sai Afirka ta Gabas a Mayu. Gyaran irin wannan waya sai da jirgin ruwa na musamman, jiragen kuma ba su da yawa a duniya, don haka maganar makonni ake yi. Ƙirga yawan wayoyin da suka sauka a ƙasa bai isa ba. Sai an duba ko ta mashigi ɗaya suka bi a teku, ko a tasha ɗaya suke sauka, sannan idan duk sun mutu akwai hanyar tudu ta maƙwabta ko babu. Ƙasar da ba ta da gaɓar teku kuma shirinta na rataye ne a kan na maƙwabciyarta da irin zaman da suke yi.

Yawancin yankewar ma ba a teku take faruwa ba, a bakin titi ne. Mai binciken da ya san aikinsa ba ya tsayawa a ɗakin taro. Za a nuna masa takardu biyu daga kamfanonin sadarwa biyu, a ce masa ginin na da layi biyu. Sai ya ce a kai shi inda wayoyin suka shigo. Ya sauka ƙasan gini, ya bi su zuwa ramin da ke bakin hanya, a ɗaga murfi, ya haska tocila. Sau da yawa zai tarar wayoyin biyu kwance cikin bututu ɗaya, domin kamfani na biyu haya ya karɓa a wurin na farko, kuma duka ta gada ɗaya suke tsallaka kogi. Ranar da motar haƙa ta masu gyaran titi ta kafa haƙoranta a wurin, layi biyun nan tare za su mutu. Daga nan ya wuce ɗakin janareta. Ba girman injin zai tambaya ba. Zai tambayi kwana nawa man da ke tanki zai kai, wa ke kawo man, me aka yi lokacin ƙarancin mai na baya, batiran da ke riƙe wuta kafin janareta ya tashi yaushe aka gwada su, sannan ya ce a kawo littafin da ake rubuta kowace ɗaukewar wuta. Idan littafin fes yake, ba ko ɗigon tawada, wannan ba alamar lafiya ba ce, alama ce ta ba a rubutawa.

Akwai kuma tambayar da ba kasafai take shiga jadawali ba, duk da tana iya tsayar da aiki mako guda: idan wata na'ura ta ƙone, kwana nawa sabuwa za ta yi kafin ta fito daga hannun kwastam? Da wane kuɗin waje za a saye ta, kuma banki zai bayar a kan lokaci? Injiniyan da zai zo ɗaura ta zai samu biza cikin kwana biyu ko wata biyu? Waɗannan ba su yi kama da fasaha ba, amma su ne ke yanke hukunci a kan ko fasahar za ta tashi bayan ta faɗi.

Wutar lantarki ba ta bar ko waɗanda suka yi nisa ba. A watannin Mayu da Yunin 2023 zafi da ƙarancin ruwa a madatsu suka jawo ɗaukewar wuta a arewacin Biyetnam, yankin da Samsung da masu yi wa Apple aiki suke da manyan masana'antu. A shekarar ce kuma Afirka ta Kudu ta ga rabon wuta mafi muni a tarihinta, amma cibiyoyin amsa kira na Kef Tawun da ke yi wa Birtaniya aiki suka ci gaba, saboda sun riga sun tanadi janareta da batir da hasken rana. Yukiren ta fi kowa nuna wannan. Bayan mamayar Rasha a 2022, da hare-haren da aka kai kan tashoshin wuta, kamfanonin manhajar ƙasar suka kwashe ma'aikata zuwa yammaci, suka sayi janareta da na'urorin Starlink masu kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, suka ci gaba da miƙa aiki. Ba ina cewa yaƙi ko rashin wuta ba komai ba ne. Kuɗin wannan tanadi yana shiga farashi, yana cinye arhar da aka zo nema. Abin lura shi ne wurin da ya saba da tanadi wani lokaci ya fi aminci a kan wurin da bai taɓa ganin matsala ba, don haka bai shirya mata ba.

Akwai matsalar da janareta da layi na biyu ba sa magani, wato gwamnati ta kashe intanet da hannunta. Masar ta yi shekaru tana gina sunanta a wannan harka, ta kafa hukuma ta musamman a 2004, ta jawo manyan kamfanoni. A ƙarshen Janairun 2011 gwamnati ta rufe intanet na kusan kwana biyar. Ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD ta ƙiyasta asarar kai tsaye a kan dala miliyan 90, ta kuma yi gargaɗin cewa asarar amana za ta fi haka daɗewa. Bangaladash ta yi irin wannan a Yulin 2024, kamfanoni da matasa masu aikin kansu ta intanet suka kasa ko sanar da abokan cinikinsu halin da ake ciki. Wannan abu yana ci mini rai, domin matashin da ya yi shekaru yana gina suna a wurin abokin ciniki na waje, umarni ɗaya daga ofis ɗaya ke rushe shi. Mai bincike dole ya duba sau nawa ƙasa ta taɓa yin haka, wa doka ta ba ikon, kuma kotu na iya hanawa ko ba ta iyawa.

Sai mutane. A nan ma adadin masu digiri da ake ambata a taron neman jari ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne cikin ɗari da suka nemi aiki nawa za su tsallake gwaji, wata nawa za a yi ana horar da su, kuma nawa za su ajiye aiki kafin shekara. Cibiyoyin amsa kira sun yi ƙaurin suna wajen ficewar ma'aikata, kowane wanda ya fita kuma ya tafi da kuɗin horonsa. Harshe ma ba iya nahawu ba ne. A 2003 kamfanin Dell ya mayar da kiran manyan abokan cinikinsa na Amurka gida daga Bangalor bayan ƙorafe-ƙorafe, kuma wajen 2010 Filifin ta sha gaban Indiya a aikin murya, saboda kunnen Ba'amurke ya fi sabawa da Turancinsu, su ma sun san al'adunsa. Faransanci ne ya kai wa Maroko da Tunisiya aikin Faransa. Amma giɓin da ya fi wahalar cikewa na tsakiya ne: shugaban rukunin mutum goma sha biyar, mai duba inganci, mai tsara jadawalin aiki, injiniyan sadarwa da za a tasa da tsakar dare. Matasa masu kaifin basira suna ko'ina. Wanda ya shekara goma yana riƙe irin wannan aiki ba a samar da shi da kwas na wata shida.

Mu tuna kuma Manila tana gaban New York da awa 12 ko 13, gwargwadon lokacin shekara. Ma'aikaciyar da ke amsa kiran rana na Amurka cikin dare take aiki, ta tashi daga aiki da asuba. Ko akwai motar da za ta kai ta gida lafiya, ko titin na da fitila, ko dokar ƙwadago ta yarda mata da aikin dare ta kuma kare ta, duk suna cikin shiri. Annobar korona ta ƙara wani ma'auni a Maris 2020, lokacin da aka rufe birane a Indiya da Filifin, kamfanoni suka riƙa loda kwamfutoci a mota suna kai wa ma'aikata gida. A ranar ne aka gane cewa intanet da wutar unguwannin da ma'aikata ke kwana su ma suna cikin lissafi, ba na gandun ofisoshi kaɗai ba.

Batun doka zan taƙaita shi, ko da yake shi ne ke rufe ƙofa tun kafin a fara magana. Tun 25 ga Mayun 2018 dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta tanadi tarar da za ta iya kai Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya, kuma kamfanin Turai ba ya kuɓuta don ya ce laifin ɗan kwangilarsa ne. Ƙasashe kaɗan Tarayyar ta amince dokarsu ta wadatar, cikinsu akwai Ajantina, Urugwai, Japan da Koriya ta Kudu. Sauran sai da yarjejeniya ta musamman a kowace kwangila. Mai kawo aiki zai nemi takardun shaida irin su ISO 27001 na tsaron bayanai, ko PCI DSS idan za a taɓa katin banki. Zai so ya san ko hukumar kare bayanai ta ƙasar ta taɓa hukunta wani, kuma idan ma'aikaci ya saci bayanai, 'yan sanda da alƙalai sun san yadda ake riƙe irin wannan shari'a ko ba su sani ba. Doka a takarda kowa na iya kwafowa cikin wata guda.

Mai ƙaura da masana'anta yana da ƙarin nauyi a kan duk wannan: tashar jiragen ruwa, ruwan masana'anta, masu kawo ƙananan kaya a kusa, da taswirar ambaliya. A 2011 ruwa ya shanye gandun masana'antu a arewacin Bankok, inda ake haɗa kaso mai tsoka na faifan ajiyar kwamfuta na duniya, farashi ya yi tashin gwauron zabi har tsawon watanni. Tailan ba ta rasa ƙwarewa ko wuta ba, an dai tara ƙwai da yawa a kwando ɗaya a cikin kwari. Rangwamen haraji kuma, wanda gwamnatoci suka fi saurin miƙawa, ƙarfinsa ya ragu. A 2021 ƙasashe fiye da 130 suka amince da mafi ƙarancin haraji na kashi 15 cikin 100 a kan kamfanonin da cinikinsu ya kai Yuro miliyan 750 a shekara, Biyetnam ta fara aiki da shi a 2024. Idan ka yafe wa irin wannan kamfani haraji, wata ƙasa na iya karɓar abin da ka bari. Kuɗin da aka yafe da an zuba shi a layin wuta da kwalejin fasaha, da ya fi jawo mai jari na gaske.

Duk abin da na faɗa zuwa nan daga idon mai kawo aiki ne. Ita ma ƙasar da ake aunawa tana da haƙƙin yin nata awon, kuma nan ne na fi damuwa. Aikin da arha ta kawo, arha za ta iya ɗauke shi. Kosta Rika ta samu Intel, kamfanin Amurka mai ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, a ƙarshen shekarun 1990, har kayan kamfanin suka kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ƙasar ke fitarwa. A 2014 kamfanin ya rufe sashen haɗa kaya ya mayar Asiya, mutum kusan 1,500 suka rasa aiki. Ƙasar ba ta durƙushe ba, saboda a tsawon shekarun ta yi amfani da zuwan Intel ta gyara manhajar karatun injiniyanci, ta koyi yadda ake hulɗa da manyan masu jari, ta jawo masu haɗa kayan asibiti, waɗanda daga baya suka zama kan gaba a kayan da take fitarwa. Tambayar da gwamnati za ta yi wa kanta kafin ta ci bashi ta gina birnin fasaha ita ce: idan baƙon ya tafi bayan shekara goma sha biyar, me zai bari a kawunan mutane da kamfanonin gida? Gine-gine masu gilashi da aka kafa a daji, nesa da inda ƙwararru ke zaune, ba sa amsa wannan tambaya.

Ƙirƙirarriyar basira ta ƙara matsa lamba. A Fabrairun 2024 kamfanin hada-hadar kuɗi ta intanet mai suna Klarna ya ce na'urarsa mai amsa tambayoyi tana yin aikin mutum 700. Ko da an rage wani abu daga irin wannan iƙirari, alƙiblar a bayyane take: aikin da ake bin rubutaccen tsari, wanda shi ne matakin farko da Indiya da Filifin suka taka, shi na'ura ta fara ci. Filifin tana da mutum kusan miliyan 1.7 a wannan fanni a 2023, ta kuma san abin da ke gabanta. Sabon aikin da ya zo a madadin, na tantance hotuna da rubutu don horar da na'urorin, ba lallai ya zama tsani ba. A Janairun 2023 mujallar Time ta ruwaito cewa ma'aikata a Kenya suna karanta munanan rubuce-rubuce don tace ChatGPT a kan ƙasa da dala 2 a awa. Ƙasar da ke auna kanta yau da ma'aunin 2005, wato kujeru nawa da na'urar kunne nawa, tana shirya wa kasuwar da ke tsukewa. Abin da zai daɗe shi ne aikin da ke buƙatar hukunci da sanin fanni, irin lissafin kuɗi, bayanan asibiti, tsaron sadarwa da injiniyanci, waɗannan kuwa suna buƙatar makarantu masu kyau da amanar da ake ginawa a hankali.

Shi ya sa kamfanoni masu hankali ba sa yanke shawara daga rahoto. Sukan fara da ƙaramin rukuni na gwaji, su bar shi ya ratsa damina da rani, ya ratsa lokacin zaɓe in da hali, su ga abin da zai karye da saurin gyaransa. Sukan nemi waɗanda suka riga su zuwa, musamman waɗanda suka zo suka tafi, su ji dalili. Gwamnatin da ke son a zo za ta iya rage musu rabin wannan wahala ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Hukumar wutar lantarki ta san sau nawa wuta ta ɗauke a kowane layi da tsawon lokacin da ta yi. Hukumar sadarwa ta san sau nawa aka yanke waya da awannin da gyara ya ci. Kwastam sun san kwanakin da kaya ke yi a tasha. Alƙaluman suna nan a ofisoshinsu, abin da ya rage su yarda su riƙa fitar da su wata-wata, yanki-yanki, har da na watannin da ba su yi kyau ba.